Daga Ɗakin Labarai Zuwa Zauren Kotu: Nazarin Yadda Wani Ɗan Jarida a Jos Ya Koma Aikin Lauya

Asalinsa da aikinsa na farko, 2004 zuwa 2010

Mutumin da wannan nazari ya shafa haifaffen Jos ne, a Gangare ya tashi, ya yi digirinsa na farko a fannin aikin jarida, ya yi hidimar ƙasa, sannan a 2004 ya dawo gida a matsayin wakilin wata jarida mai hedikwata a wajen jihar Filato. Bayan jaridar yana aika wa wani gidan rediyo rahotanni da Hausa, kuma ta wannan hanya ce muryarsa ta zama sananniya a Dilimi da Unguwar Rogo da Rikkos da Nasarawa Gwom, har ya kasance idan ya yi sallama a shago ana gane shi tun kafin ya faɗi sunansa. Editansa ya ɗora shi a kan labaran kotu da na 'yan sanda, don haka yawancin safiyarsa a harabar Babbar Kotun jiha take wucewa, ko a kotun yanki ta Kasuwan Nama, yana zaune a bencin baya da littafinsa.

Rikicin da ya ɓarke a ranar 28 ga Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, da wanda ya biyo baya a Janairun 2010, sun sauya masa yanayin aiki. An kama mutane da yawa, an kwashi wasu zuwa Abuja, iyaye da mata kuma ba su san ofishin da za su tunkara ba. Da yake muryarsa suka sani, gidansa suka riƙa zuwa bayan sallar asuba da sunayen 'ya'yansu a rubuce a guntun takarda. Yakan karɓa ya haɗa rahoto, a watsa, mutane su tattauna kwana biyu, wanda ake tsare da shi kuwa yana nan inda yake.

Abin da ya tayar da maganar

Abubuwa biyu ne suka haɗu a 2010. Na farko, ya ga wani lauya matashi, wanda ba kowa ya san shi ba, ya shigar da ƙara a ƙarƙashin ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009 a madadin wani tela da aka daɗe ana tsare da shi ba tare da an gurfanar da shi ba. Lauyan ya kafa hujja da sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko cikin kwana biyu idan babu. Kotu ta ba da umarni, telan ya koma gida. Wannan tela yana cikin mutanen da ɗan jaridar ya ambata a rahotanninsa fiye da sau ɗaya ba tare da wani abu ya motsa ba.

Na biyu, jaridarsa ta samu wasiƙar lauya a kan wani labari da ya rubuta, inda kanun ya kira wani ɗan kasuwa mai laifi alhali tuhumarsa kawai ake yi. An janye labarin, an buga neman afuwa, aka ja masa kunne. A ofishin lauyan jaridar ne aka karanta masa sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Ya shekara shida yana shiga kotu, amma sai a ranar ya gane cewa yana jin abin da ake faɗi ne ba tare da sanin dalilin da ya sa ake faɗinsa ba.

Yana da abin koyi a ransa. Kamar sauran 'yan jaridar zamaninsa, ya san tarihin Tony Momoh, editan jaridar Daily Times wanda kuma lauya ne, wanda Majalisar Dattawa ta kira a Jamhuriya ta Biyu don ya bayyana majiyarsa, shi kuwa ya garzaya Babbar Kotun Legas ya yi nasara, duk da cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauya hukuncin daga baya. Ya ɗauka cewa sana'o'in biyu 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma wanda ya iya ɗaya ya yi rabin hanyar ɗayar.

Yunƙurin farko: karatu daga nesa, 2011 zuwa 2013

A lokacin yana da mata da 'ya'ya biyu, mahaifiyarsa kuma tana hannunsa, saboda haka barin albashi bai zo masa a rai ba. Ya yi rajista a sashen shari'a na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, yana karatu da dare da ƙarshen mako, yana cin jarrabawarsa lafiya. Abin da bai bincika ba shi ne matsayin Majalisar Kula da Ilimin Shari'a, wadda ita ce ke riƙe da ƙofar Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya. A ƙasar nan digirin shari'a shi kaɗai ba ya mai da mutum lauya, dole sai ya bi ta wannan makaranta, an rantsar da shi, an shigar da sunansa a kundin Kotun Ƙoli. Majalisar kuwa ta tsaya a kan cewa karatun shari'a na cikakken lokaci ne, ba ta karɓar na wucin gadi ko na nesa.

Da ya ga ɗaliban da suka riga shi kammalawa sun tsaya cirko-cirko ba a ba su gurbi ba, sai ya dakatar da karatun a 2013. Shekara biyu da kuɗin rajista da na littattafai suka tafi. Gaskiya ne cewa an yi wa dokar jami'ar gyara a 2018, daga baya kuma aka buɗe wa tsofaffin ɗalibanta hanya ta wani shirin share fage na musamman, sai dai a 2013 babu wanda zai iya yi masa alkawarin haka.

Jami'ar Jos, 2014 zuwa 2019

Karatun shari'a shekara biyar ne ga wanda ya shigo ta jarrabawar JAMB, amma mai digiri yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye ya yi huɗu. Ta haka ya samu gurbi a Jami'ar Jos. A shekarar farko ya yi ƙoƙarin riƙe aikin jarida da karatu tare, yana fita daga lacca idan labari ya ɓullo, yana karanta dokar kwantiragi a cikin mota. Sakamakon ya fito ya faɗi darussa biyu, editansa kuma ya fara ƙorafin cewa wasu jaridu na riga su samun labaran Filato. Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya, sai ya ajiye aikin dindindin a 2015, ya koma yi wa ƙungiyoyi fassara da rubuta musu rahoto ana biyansa a kan kowane aiki.

Kuɗin shigarsa ya ragu ƙwarai. Ya sayar da motarsa, matarsa ta faɗaɗa sana'ar ɗinkin da take yi a cikin gida, yayansa da ke kasuwanci a Bauci ya ɗauki nauyin kuɗin makarantar yara. Yajin aikin ASUU na 2017, da wanda ya fara a Nuwamban 2018 ya kai Fabrairun 2019, sun ƙara masa watanni. A aji kuwa malamai sun yi ta maimaita masa gyara iri ɗaya, wato amsoshinsa suna da daɗin karatu amma ba su da madogara. Yakan ba da labarin shari'a tiryan-tiryan, ya manta da fitar da ƙa'idar da kotu ta kafa a cikinta da sashen dokar da ta dogara da shi. Sai a aji huɗu hannunsa ya faɗa, ya kammala a 2019 da sakamako matsakaici.

Bwari, 2019 zuwa 2021

An tura shi babbar harabar Makarantar Horas da Lauyoyi da ke Bwari a Abuja, inda hedikwatar makarantar ta koma daga Legas a 1997. Darussa biyar ake yi: shari'ar farar hula, shari'ar laifuka, harkar filaye da gidaje, harkar kamfanoni, da ɗa'ar aikin lauya, sannan a tura ɗalibi ya zauna a kotu da kuma ofishin wani lauya na wasu makonni. Annobar korona ta 2020 ta rufe makarantar na tsawon lokaci, abin da ya kamata ya ɗauki shekara guda ya zarce. Ya ci jarrabawar ƙarshe a zama ɗaya, aka rantsar da shi a 2021, ya haura shekara arba'in da haihuwa, yana kuma ɗauke da bashin yayansa.

Shekarar farko a ofishin wani, 2021 zuwa 2022

Ya dawo Jos ya shiga wani ƙaramin ofishi mai lauyoyi huɗu. Abin da ya fara cin karo da shi shi ne tsarin girma, domin a aikin lauya ba a duba furfura, shekarar da aka rantsar da mutum ake dubawa. Wadda aka ɗora a kansa sa'ar ƙanwar bayansa ce, a waje tana kiransa Malam tana gaishe shi da ladabi, a ofis kuwa ita ke duba rubutunsa da jan biro. A kotu manyan lauyoyi ke zama gaba, su ake fara kiran shari'o'insu, shi kuma ya jira har kusan azahar don ya miƙe ya nemi a ɗage zama. Albashinsa bai kai abin da yake samu a jarida shekara goma da suka wuce ba, ga kuɗin lasisin aiki da dole a biya kafin ƙarshen Maris na kowace shekara, ga na hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya da ake manna wa kowace takarda.

Aikin farko da aka sakar masa gaba ɗaya irin wanda ya jawo shi cikin sana'ar ne. An tsare wani mai gyaran waya saboda bashin da wani ke binsa, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ya zauna da mahaifin yaron, ya rubuta masa takardar rantsuwa mai shafuka da yawa, ya zuba duk abin da ya sani a ciki: cewa bincike ya nuna mai bin bashin yana da ɗaurin gindi, cewa wata majiya mai tushe ta tabbatar an ba da kuɗi, cewa abin da aka yi zalunci ne tsantsa kuma ya saɓa wa tsarin mulki. A matsayin rahoton jarida, babu abin da za a kushe a takardar.

Lauyan ɗaya ɓangaren bai ɓata lokaci ba, ya buɗe sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011. Wannan sashe ya hana sanya gardamar shari'a ko yanke hukunci ko roƙo a cikin takardar rantsuwa, abin da ya faru kawai ake so. Ya kuma tanadi cewa idan mai rantsuwa daga bakin wani ya ji magana, sai ya faɗi sunan wanda ya gaya masa, da lokaci da wuri da yanayin da aka yi maganar. Alƙali ya soke sakin layi da dama, abin da ya rage bai isa ya ɗauki ƙarar ba, aka koma aka sake shiri, yaron kuma ya ƙara kwanaki a tsare kafin a samu belinsa ta wata hanya. Mutumin da aka horar shekara da shekaru a kan ya rufa wa majiyarsa asiri ko da za a ɗaure shi, ya tarar da wurin da magana ba ta da nauyi sai an san bakin da ta fito.

Bayan 'yan watanni ya sake tuntuɓe a wata shari'ar bashi, inda ya miƙa saƙonnin WhatsApp da aka buga a takarda ba tare da takardar tabbaci da sashe na 84 na dokar ya tanada ga duk shaidar da ta fito daga waya ko kwamfuta ba. Kuskure na uku ya fi su nauyi. Tsofaffin abokan aikinsa suka tare shi a harabar kotu da na'urorinsu, shi kuwa ya yi abin da jikinsa ya saba, ya bayyana musu shari'ar da yake ciki dalla-dalla, har da ra'ayinsa a kan gaskiyar shaidun ɗaya ɓangaren. Da safe alƙali ya nuna ɓacin ransa a bainar jama'a. Ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyi sun hana lauyan da ke cikin shari'a yin maganar da za ta iya shafar adalcinta a wajen kotu. Mai ofishin ya kira shi ya ce: "Malam, mutumin nan bai ɗauke mu don mu ba da labarinsa ba, ya ɗauke mu ne don mu fitar da shi. Daga yau idan sun miƙo maka abin magana, ka ce maganar tana gaban kotu." Shi kuma ya amsa da "To, ranka ya daɗe," aka ɗauke masa fayil ɗin aka ba wani.

Ofishin kansa, 2022 zuwa 2023

Ya yanke shawarar cewa ƙuncin albashi da zama a ƙarƙashin wasu ne ke danne shi, kuma sunan da ya yi a rediyo zai kawo masa jama'a. Ya kama ɗaki ɗaya a bene a kan titin Bauci, ya sa allo. Jama'a sun zo kamar yadda ya zata, har layi ake yi a wasu ranaku. Sai dai yawancinsu a matsayin ɗan unguwa suka zo wurinsa, wanda a da yake karɓar kokensu kyauta, shi kuma nauyin baki ya hana shi yanka musu kuɗi. Wasu ma ba ƙara suke so ba, so suke ya sa a faɗi maganarsu a rediyo don a kunyata abokin rigimarsu. Ya karɓi shari'ar gado da ta fili da ta haya da ta laifi duk a lokaci guda, babu magatakarda, babu babban da zai duba masa takarda kafin ya shigar. Kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci sau da yawa daga aljihunsa suke fita. Da shekara ta zagayo bai iya sabunta haya ba, ya sauke allon.

Gyaran da aka yi, 2023 zuwa 2025

Tsohon maigidansa ya karɓe shi a kan sabon sharaɗi: ƙaramin albashi, da kaso daga duk aikin da ya kawo, kuma babu fayil ɗin da za a buɗe sai an rubuta yarjejeniyar kuɗi an sa hannu, akawun ofis ne kuma zai yi wannan magana ba shi ba. Aikin taimako kyauta an ƙayyade masa adadi kaɗan a shekara, sauran a tura su Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin marasa hali.

Mai ofishin ya kuma lura da wani abu da shi mutumin bai ɗauka da muhimmanci ba. Idan aka zaunar da shi da mai ƙara ko shaida, yakan fito da bayanin da sauran lauyoyin ba sa samu. Ya iya yin shiru ya bar tsohuwa ta gama kewaye-kewayenta, ya iya komawa kan tambaya ɗaya ta fuska uku har kwanan wata ya daidaita, yana zuwa wurin da abin ya faru da ƙafarsa, yana kuma neman rasit da takardar asibiti da lambar mota tun kafin a tambaye shi. Sai aka mai da shi mai ɗaukar bayanan shaidu na ofishin gaba ɗaya, wadda ke sama da shi kuma ta zauna da shi suna tace kowace takarda, suna raba abin da mutum ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. A Babbar Kotu, inda Turanci ne harshen aiki kuma ta bakin tafinta yawancin shaidunsu ke magana, kunnensa na mai fassara ya sha sa ya miƙe ya roƙi kotu a sake tambayar shaida kafin a rubuta amsar da ba ita ya bayar ba.

An taƙaita masa fage zuwa biyu: ƙarar tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, da matsalolin 'yan jarida. A fage na biyu ba shi da abokin gogayya sosai a garin. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka sha amfani da shi wajen kama masu rubutu kafin a yi masa gyara a 2024, ya sa masu ƙananan jaridun intanet suna neman wanda zai duba musu labari kafin su saki. Yakan zauna da su ya nuna musu jimlar da za ta jawo ƙarar ɓata suna da takardar da ya kamata su riƙe a hannu, ya kuma rubuta musu wasiƙar neman bayani a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Gidajen jarida biyu suka ɗauki ofishin a kan kuɗin shekara. Ya koma rediyo ma, amma da shirin wayar da kai a kan haya da beli da gado, abin da ƙa'idojin sana'ar suka yarda da shi muddin bai taɓa shari'ar da ke hannunsa ba, bai kuma mai da shirin wurin yanke wa kowane mai kira hukuncin matsalarsa ba.

Zuwa ƙarshen 2025 ya biya yayansa bashinsa, abin da yake samu ya wuce na zamanin jarida, kuma takardun rantsuwar da ya rubuta sun daina faɗuwa a sashe na 115.

Abin da nazarin ya nuna

A ganina asarar shekara biyun farko ita ce wadda ta fi sauƙin kaucewa, domin tambaya ɗaya ga hukumar da ke riƙe da ƙofar sana'ar ta isa, kuma abin ciwo ne a ce mai sana'ar tambaya bai yi ta ba a kan rayuwarsa. Haɗa aiki da karatu kuwa ban ga laifinsa a kai ba, mai iyali ne, kuma tsarin da ya rufe karatun wucin gadi yana tace mutane ne da aljihunsu tun kafin ya tace su da ƙwaƙwalwarsu. Da babu ɗinkin matarsa da hannun yayansa, da wannan labari ya tsaya a 2015, kuma akwai 'yan jarida masu irin basirarsa da nasu ya tsaya a nan.

Babban kuskuren lissafinsa shi ne abin da ya ɗauka jarinsa ne. Ya zaci suna da murya da iya tsara labari za su yi masa aiki a kotu, su kuwa su ne suka jawo masa soke takarda da fushin alƙali da ofishin da ya cika da mutane babu kuɗi. Abin da ya amfane shi shi ne ɓangaren aikin jarida da mai sauraro ba ya gani, wato haƙurin sauraro da bin takarda da zuwa wuri da ƙafa, kuma ko wannan bai yi amfani ba sai da ya yarda wadda ya girma ta riƙa gyara masa rubutu, wani kuma ya karɓe masa maganar kuɗi. Buɗe ofishi bayan shekara ɗaya da rantsuwa doka ba ta hana ba, amma ga wanda ya shigo da ɗabi'un wata sana'a da suka riga suka kafu, ya yi wuri ƙwarai.

Akwai abin da bai warware ba har yanzu. Mutanen da suka sa ya fara wannan tafiya, iyayen da ke zuwa da suna a guntun takarda, su ne mafi ƙarancin iya biyan lauya, kuma adadin da ofishin ya yarda ya karɓa kyauta yakan cika tun kafin tsakiyar shekara. Ya fara magana da wasu lauyoyi matasa a reshen ƙungiyarsu na Jos a kan su riƙa karɓa-karɓa wajen ziyartar ofisoshin 'yan sanda, amma zuwa lokacin da aka kammala wannan nazari ba su kai ga tsayar da jadawali ba.